Yadda ake ɗaukar martanin 'yan kallo a shirin kai tsaye na doguwar simfoni

Simfoni kiɗan Turai ne da makaɗa wajen ɗari ke yi tare a ƙarƙashin madugu ɗaya mai riƙe da siririyar sanda, kuma sashe-sashe ake kasa ta. Yawanci ba ta kai awa guda, amma akwai masu tsawon gaske. Simfoni ta Tara ta Beethoven, mashahurin mai tsara kiɗa, tana cin minti 65 zuwa 75. Ta Uku ta Gustav Mahler, wani mai tsara kiɗan, sashe shida ce, tana zarce awa ɗaya da rabi, kuma ba a tashi hutu a tsakiya. Duk tsawon wannan lokaci mutanen zaure shiru suke. A wurinmu in kiɗa ya yi daɗi guɗa da liƙi ne za su faɗa maka. A can, ƙarfin shirun ne. Saboda haka martanin jama'a a wurare kaɗan yake fitowa, kuma daraktan talabijin da bai shirya musu tun kafin ranar ba, sai dai ya ga wucewarsu.

Aikin yana farawa ne daga takardar kiɗan. A zaunar da wanda ya iya karanta ta kusa da darakta, a sa alama a ƙarshen kowane sashe, a rubuta yadda yake ƙarewa: da ƙara ko a hankali, akwai tsayawa ko zarcewa ake yi. A Ta Uku ta Mahler, sashen farko kaɗai ya haura minti 30, yana ƙarewa da rugugi, kuma bayansa akwai dogon numfashi. Nan ne za a ji tari ya ɓarke ko'ina, kujeru na ƙara, wani lokaci har da tafi. Sashe na huɗu da na biyar da na shida kuwa a manne suke, babu gurbin da za a juya kyamara ga jama'a ba tare da an yanke kiɗa ba. A tambayi madugu tun a wurin gwaji yaushe mawaƙiyar da ke rera waƙa ita kaɗai a wannan simfoni za ta shigo dandamali, domin shigowarta kan jawo tafi ko da ba a so. Haka ma mawaƙa huɗu na Ta Tara ta Beethoven, waɗanda sau da yawa ba sa zama tun farko, sai a tsakanin sassa suke fitowa.

Batun sauti shi ne inda aka fi yin ɓarna. Makirfo na makaɗa daban, na jama'a daban. Biyu sun wadatar a ƙaramin zaure, huɗu a babba irin Royal Albert Hall na Landan, mai ɗaukar mutum fiye da 5,000, inda ake bikin kiɗa na Proms na BBC kowace shekara, wasu ma a tsaye suke kallo a filin da ke gaban dandamali. A rataye makirfon jama'ar a sama, su bai wa dandamali baya, kuma kada su kusanci kowa. Makirfon da ke dab da layin gaba ba tafin zaure zai kawo ba, tafin mutum uku zai kawo, ɗaya daga cikinsu mai faɗin hannu. A kuma tuna cewa sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa. Makirfon da ke nisan mita 30 daga dandamali yana jin kiɗa a makare da kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wato fiye da hoto biyu a talabijin mai hoto 25 a daƙiƙa. In aka bar shi a buɗe sosai ana cikin kiɗa, bugun ganga zai fito biyu-biyu, sauti ya dagule. Don haka a sassauta shi ƙasa yayin kiɗa, a ɗaga a hankali in sashe ya ƙare. Amma kada a kashe shi gaba ɗaya. Zaure mai cike da mutane yana da nasa numfashin, in ya ɗauke ɗif mai kallo a gida zai zaci layi ne ya yanke.

A cire duk na'urar da ke daidaita ƙara da kanta. Dalili kuwa, in kiɗa ya yi ƙasa sosai sai ta ɗaga komai, tarin da ba a ji a zaure ba ya koma kamar a cikin falon mai kallo aka yi shi. In tafi ya ɓarke kuma ta danne shi ya zama kamar ruwan sama a kan kwano. Tashoshin Turai da yawa suna aiki da ma'aunin EBU R128 na ƙungiyar tashoshin Turai, wanda ya tsayar da matsakaicin ƙarar shiri a -23 LUFS (awon ƙarar sauti), kuma ma'aunin shirin gaba ɗaya yake dubawa, don haka akwai sararin barin wurin laushi ya yi laushi. Injiniya ya riƙa gyarawa da hannu, kaɗan-kaɗan, yana bin takarda.

Kyamara ɗaya ko biyu ake ware wa jama'a, masu jawo nesa, a gefen dandamali ko a baranda. A rufe jar fitilar da ke kansu, don wanda ya ga ta kunnu a saitinsa ya daina sauraro, ya koma gyara zama. Ba a ƙara hasken zaure. Ɗan hasken da ke zubowa daga dandamali ya isa layukan gaba. A manna sanarwa a ƙofa cewa ana ɗauka. Mai kyamara ya nemo fuskoki tun kafin a buƙace su, ya riƙe uku ko huɗu a ransa, kuma ya san waɗanda ba a nunawa: mai gyangyaɗi, mai latsa waya, mai kuka da ba ya so a gani. Yaran da ke waƙa a Ta Uku ta Mahler sukan zauna fiye da awa guda kafin sashen da suke waƙa a ciki, wato na biyar, wanda bai wuce minti huɗu zuwa biyar ba. In ɗaya ya yi hamma, ba abin nunawa ba ne.

Akwai wuri guda a wannan simfoni da ya cancanci a juya ga jama'a ana cikin kiɗa. A sashe na uku ana busa wani ƙaho daga bayan fage, mai busar ba ya kan dandamali. Sautin yana zuwa daga nesa, masu goge suna rakiyarsa a hankali, sai ka ga kawuna suna ɗagowa, wani ya waiga baranda yana neman inda yake fitowa, wata ta rufe ido. Wasu daraktoci sukan aika kyamara bayan fage su nuna mai busar tsaye a lungu, a ganinmu wannan tona asiri ne da ba a nema ba. Fuskokin masu neman sautin sun fi faɗa wa mai kallo abin da ke faruwa. Daƙiƙa biyar zuwa takwas a kan kowace fuska ya isa.

Tafi a tsakanin sassa ba laifi ba ne da za a ɓoye. A zamanin Beethoven abu ne da aka saba, daga baya ne al'adar shiru ta kafu. In ya zo, a tsaya a kan hoton zaure gaba ɗaya, kada a nemo wanda ya fara a kunyata shi. Simfoni ta Shida ta mai tsara kiɗa Tchaikovsky ta shahara da wannan tarko: sashe na uku yana ƙarewa da ƙarfi kamar an gama, jama'a su tafa, alhali saura na huɗu mai sanyi. Mai gabatarwa da bai san haka ba zai iya buɗe baki ya fara sallama. A kuma tanadi abin yi in kiɗa ya tsaya: a Janairun 2012 a New York, madugu Alan Gilbert ya dakatar da Ta Tara ta Mahler saboda wata waya da ta ƙi daina ƙara. A irin wannan, hoto mai faɗi, makirfon jama'a a ƙasa, mai gabatarwa ya jira umarni.

Sai ƙarshe, wanda iri biyu ne. Ta Uku ta Mahler tana rufewa da manyan ganguna da dogon sauti mai cika zaure, tafi yana biyowa nan take, don haka hannun injiniya ya kasance a shirye tun kafin sautin ya yanke. Ta Tara tasa kuwa a hankali take mutuwa har a rasa inda ta tsaya. Lokacin da Claudio Abbado ya jagorance ta a Lucerne ta Suwizalan a 2010, zauren ya yi shiru wajen minti biyu kafin a tafa. A irin wannan shirun kyamara ta tsaya a kan madugu, domin saukar hannunsa da kafaɗunsa ne ke sakin jama'a. Ba magana, ba rubutu a kan allo, ba tallan shiri na gaba. A sanar da ɗakin watsa shirye-shirye tun da wuri, domin wasu tashoshi suna da na'urar da ke ɗaukar dogon shiru a matsayin lalacewar layi, ta saka wani abu da kanta.

In tafi ya fara, a bar shi aƙalla rabin minti kafin mai gabatarwa ya ce uffan, sannan a bi madugu yana tayar da makaɗa ɗaya bayan ɗaya, ana jin inda ihu ya fi ƙarfi. Tunda madugu biyu kan bambanta da minti goma ko fiye a kan simfoni guda, a auna tsawonta a gwajin ƙarshe, a ƙara minti goma zuwa goma sha biyar a jadawali domin tsaiko da tafi, a kuma sa shirin da ke biye ya zama wanda za a iya jinkirtawa.