Babi na Bakwai: Kai Saƙon Kula da Itatuwa, da Yadda Za a Gwada Ku

Darasi na 1: Saƙon da za ku kai

Ku da ƙungiyarku ta zaɓa ku riƙa wayar da kan mutanen gari kan kula da ƙasa da itatuwa, za a gwada ku kafin a ba ku takardar shaida. Kada gabanku ya faɗi, ba jarrabawar rubutu ba ce. Mai gwaji zai bi ku gona, ya zauna gefe da takardarsa, ku yi wa mutane bayani, shi kuwa ya saurara.

Saƙon gwajin shi ne sassaben zamani, wato raya itatuwa daga kututturen da ke toho a gona. A jihar Maraɗi ta Nijar aka fara shi a 1983, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya kuma bazu bayan farin 1984. An ƙiyasta cewa ya raya itatuwa kusan miliyan 200 a gonakin da suka kai hekta miliyan 5 a Nijar. Ku riƙe wannan, domin manomi zai tambaye ku ko wani ya taɓa gwadawa.

Ga aikin. Kututturen da ke toho a gona, na gawo ko kalgo ko sabara ko aduwa, ba a tumɓuke shi, ba a sa masa wuta. A zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi, miƙaƙƙu, a bar su. A sare sauran da adda mai kaifi, ana saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. A ɗaura ƙyalle a jiki, kowa ya san da mai shi.

Darasi na 2: Takardar mai gwaji

Ku buɗe shafin da aka raba muku. A can sama akwai kalmar "Suna" da dogon layi a gabanta. A kan layin za ku rubuta sunanku, ba a ƙarƙashinsa ba. Daga nan ƙasa duk na mai gwaji ne, kada ku taɓa. Layuka huɗu ne, kowane da akwati biyu a hannun dama, wato hannun da kuke cin tuwo. Akwatin farko "Ya iya", na biyu "Da saura". Wanda aka yi wa alama a "Da saura" bai faɗi ba, za a sake ba shi rana.

Layi na ɗaya gaisuwa ce da sanin wanda ke gabanku. Na biyu, ko bayaninku daidai ne. Na uku, ko kun saurari damuwar mutum kun ba shi amsa. Kowa da abin da ya dame shi. Manomi tsoronsa inuwa ta danne masa gero: ku gaya masa gawo da damina yake zubar da ganye, da rani yake kore, ganyen kuma taki ne. Ardo zancen abincin dabba yake so: 'ya'yan gawo abinci ne ga bisashe lokacin da ciyawa ta ƙare. Mata za su ji daɗin jin cewa rassan da aka sare itacen girki ne a kusa da gida. Mai gari, bayan "ranka ya daɗe", shi za ku roƙa ya tsawatar wa masu saran na wasu da dare. Abin da ba ku sani ba ku ce, "Zan tambayo malamin gona." Kada ku yi wa kowa alkawarin kuɗi ko buhun taki don ya saurare ku.

Darasi na 3: Layi na huɗu

A nan ake tuntuɓe, saboda haka mu tafi a hankali. Layi na huɗu yana tambaya: saƙon ya shiga?

Na sha gani, mutum ya yi bayani mai kyau, sai ya rufe da "Kun gane?" Jama'a su amsa "Mun gane." Ya naɗe tabarma ya tafi. To, wane dattijo ne zai ce wa ɗan cikinsa bai gane ba a gaban mutane? Kunya ce ta amsa muku. Mai gwaji zai sa alama a "Da saura", kuma da gaskiyarsa.

Ga abin da za ku yi. Ku miƙa adda ku ce, "Baba, ga kututture nan, nuna mana rassan da za ka bari." Sai ku yi shiru ku kalli hannunsa. Rassa nawa ya bari? Ta ina ya kai sara, daga ƙasa ko daga sama? In ya sara daga sama, kada ku ce ya yi kuskure. Ku ce, "Baba, bari in sake nunawa, ɗazu na yi sauri." Ku nuna, ku sake miƙa masa addar. Gani ya kori ji.

Mu sake. Kada ku ce "Kun gane?" Ku ce "Nuna mini." Ga mace: "Inna, in kika koma gida me za ki faɗa wa maigida?" Ku bari ta faɗa da bakinta har ƙarshe, kada ku ƙarasa mata magana. In babu kututture kusa, ku kafa karan dawa guda shida a ƙasa su zama rassa.

Yanzu ku tashi bibbiyu, ɗaya mai bayani ɗaya manomi, sannan ku yi musanya. Da farko bakinku zai riga ku, "Kun gane?" ta kuɓuce. Ba komai, ku dawo ku gyara. Sannu a hankali za ta bi jiki.

Amma fa akwai waɗanda ake maimaita wa wannan kullum, su gyaɗa kai, gobe a gona su koma gidan jiya. Haba jama'a! Abin da ake hana ku yarda da shi daga bakin manomi, shi kuke yi a aji. Ba wuya gare shi ba, rashin sa hankali ne. Wanda bai miƙa adda ba kada ya zo yana cewa mai gwaji ya matsa masa. Ku rubuta "Nuna mini" sau biyar a littafinku kafin ku tashi.

Darasi na 4: Rahoto

Bayan taro ku rubuta sunan gari, kwanan wata, yawan maza da yawan mata da lamba, da tambayar da kuka kasa amsawa. Ku kai wa sakataren ƙungiya.

Darasi na 5: Komawa

In an yi wata guda ku koma gonar ku ƙirga kututturen da aka gyara. Ku rubuta adadin a ƙasan rahoton.