Darasi na 9: Robar Maganin Feshi Bayan Ta Ƙare

Duk wanda ya bi ta Kadawa ko Kura lokacin noman rani, ko ya shiga fadamun Haɗeja, ya ga robobin maganin feshi a yashe gefen gona da bakin hanyar ruwa. Manomi ya gama feshi ya jefar, yaro ya tsinta ya kai gida. Kwana biyu sai ka ga an zuba mata man gyaɗa, ko an ɗaura mata igiya ta zama gorar ruwan zuwa gona.

"Maigida, ai na wanke ta da omo har sau biyu," in ji uwargida.

Wankin omo ba ya raba roba da guba. Magani yana shiga jikin robar, ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan cikin duk abin da aka zuba. Robar da ta taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko na ciyawa ta haramta ga ruwan sha, da mai, da nono, da gishiri, har abada.

Kafin ka buɗe magani, dubi ƙasan takardar da ke jikinsa. Akwai zanen launi a kwance. Ja shi ne mafi haɗari, yawanci har da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa. Sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wannan ko ba ka iya Turanci ba za ka karanta shi. Amma kore ma guba ne, sauƙinsa dai ya fi.

Aikin yana farawa ne tun a gona, lokacin da maganin ya ƙare. Sa safar hannu ta roba. Zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na robar, rufe murfin da kyau, ka girgiza har ka ƙirga 30. Juye ruwan cikin tankin feshinka, ba a ƙasa ba, ba a rafi ba, ka fesa shi a gonar. Yi haka sau 3. Ka ga ko ɗigon da ka saya da kuɗinka bai tafi a banza ba. Daga nan ka huda gindin robar da ƙusa ko wuƙa. Hudawar nan ce mutane ke jin ƙyashi, wai roba mai kyau. To, robar da ba ta riƙe ruwa ba mai ɗauka.

Kada ka ƙone ta, hayaƙinta guba ne, balle a hura murhu da ita. Kada ka jefa ta a rijiya, ko kududdufin da dabbobi ke sha, ko jujin da za a kwashe a kai gona a matsayin taki. Tara su cikin buhu, ka rataye a rumfa ko ɗakin da ake kullewa, nesa da hatsi da yara, sannan ka tambayi malamin gona ko mai shagon da ya sayar maka inda za a kai su.

In magani ya zubar maka a jiki, tuɓe kayan nan take ka yi wanka da sabulu. In a ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15. In wani ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara kamar yadda aka saba, kada kuma a sa shi amai dole. A garzaya asibiti tare da robar, don ma'aikacin lafiya ya san irin gubar.

Tsohon batirin mota ko na sola shi ma ɗan gidan ne. Cikinsa akwai dalma da ruwa mai cin fata. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, sanadin dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Ƙurar dalma ba ta da wari, yaro yana rarrafe yana kai hannu baki, shi ke nan. Saboda haka kada a fasa batir a gida. A kai shi yadda yake ga masu sayen tsofaffin batura.

Aikin gida: rubuta waɗannan kalmomi sau biyar-biyar a littafinka: guba, feshi, huda, dalma. Sannan ka zagaya gidanka, daga madafa har turken awaki, ka ƙirga robobin magani nawa ake amfani da su. Rubuta adadin, ka zo da shi aji ranar darasi na gaba.