Yadda ake toshe hujin tsatsa a jikin tsohuwar mota ba tare da walda ba

Hujin da ake gani a jikin tsohuwar mota yakan fi yadda ido ya nuna girma, domin tsatsa tana fara cin kwano ne daga ciki, inda ruwa da laka suke kwanciya, sai ta ci ƙarfen ta ƙoshi sannan fenti ya kumbura ya fashe. Saboda haka aikin farko shi ne a ɗauki sukurudireba a bi kewayen wurin ana dannawa da ɗan ƙarfi, duk inda ya lotsa ko ya ɓurma ya shiga cikin abin da za a cire.

Kafin a ci gaba, wajibi ne a tantance irin wurin. Facin da ba na walda ba ya dace da kwanon da ba ya ɗaukar nauyi, kamar madigadi da fatar ƙofa da murfin but. Idan kuwa tsatsar ta kama shasi, ko mazaunin shakazoba, ko ginshiƙan ƙofa, ko dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ko wurin da bel ɗin kujera yake ɗaure, to walda ce kaɗai magani, domin waɗannan su ne suke riƙe mota ranar hatsari, kuma a ganina rufe su da fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, cin amanar duk wanda zai shiga motar ne.

Wajen cire tsatsar ne aikin yake tsayawa ko ya rushe. A sa tabarau da takunkumi da safar hannu, a yanke ruɓaɓɓen kwanon da almakashin ƙarfe ko giranda har sai an kai ga ƙarfe mai kauri wanda ba ya lanƙwasawa da yatsa, sannan a goge fentin da ke kewaye, kimanin santimita 5 ta kowane ɓangare, har ƙarfen ya fito fari yana ƙyalli. Mutum yakan ji nauyin faɗaɗa huji da hannunsa, ya bar ɗan bakin da ya yi ja yana cewa fila za ta rufe, alhali wannan ɗan jan shi ne zai ɗago facin bayan 'yan watanni. Ƙananan ramukan da giranda ba ta iya kaiwa gindinsu a shafa musu maganin tsatsa, wanda galibi sinadarin fosforik ko tanik ne a cikinsa, yana mayar da tsatsar baƙa mai tauri. Maganin ba ya aiki a kan ɓawon tsatsa mai kauri, sai an kankare tukuna. Idan ya bushe, a goge wurin da tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, domin maiƙo ya fita, sannan a bi bakin hujin da ƙaramar guduma a lotsa shi ciki kamar milimita 2 ko 3, yadda facin zai sami wurin zama ba tare da ya yi tudu ba.

Fila ba ta tsayawa a kan iska, sai an yi mata majingini. Ga ƙaramin huji, ragar alminiyam ta wadatar: a yanka ta ta zarce hujin da santimita 2 zuwa 3, a manna ta ta baya da fila mai zaren faiba, wato zaren gilashi, idan ta kama a cike gaban da irin wannan filar, domin ta fi fila ta yau da kullum ƙarfi da jure ruwa. Huji mai faɗi yana son tabarmar faiba da rezin, wato ruwan gam da ke daskarewa ya yi tauri, falle biyu ko uku, kowanne a jiƙa shi da burushi ana daddannawa har ya daina yin fari, domin farin wuri alama ce ta iska ko bushewa. Hanyar da na fi amincewa da ita, idan hannu yana kaiwa bayan wurin, ita ce a yanko sabon kwano a lanƙwasa shi daidai da jikin motar, a goge fuskokin biyu, a haɗa su da gam ɗin manna kwanon mota mai kwaɓi biyu, a matse har kwana ɗaya. Gam ɗin da kansa yana rufe tsakanin ƙarafan biyu, ruwa ba ya samun hanyar shiga.

Bayan haka sai fila ta gyaran fuska. Ana zuba mata hadina, wato sinadarin da ke sa ta daskare, kimanin kashi 2 cikin 100, a cakuɗa a kan faranti mai santsi ana shafawa ana ninkewa har launin ya zama ɗaya, ba a kan kwali ba, domin kwali yana shanye rezin. Cikin minti 4 zuwa 5 take fara daskarewa, zafi kuma yana ƙara mata sauri, don haka a riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan a wuri mai iska. A shafa ta siririya sau biyu ko uku, kada kaurinta ya wuce milimita 6. Bayan kusan rabin awa a goge da samfefa mai lamba 80 a naɗe a jikin katako, a koma 180, sannan 320, ana shafawa da tafin hannu, wanda ya fi ido gane tudu da kwari. Kada a jiƙa samfefa a kan fila tsirara, domin tana shan ruwa. Daga nan a fesa firaima, wato shafin farko da fenti yake zama a kai, a goge da 600, a yi fenti.

Saura bayan facin, wanda mutane da yawa suke mantawa da shi tun da ba a ganinsa, alhali ta can ruwan ya shigo tun farko. A shafe shi da firaima ta efoksi, a bi da baƙin shafin ƙarƙashin mota, inda hannu ba ya kaiwa kuma a fesa kakin hana tsatsa ta cikin siririn tiyo. Idan ƙofa ce, a duba ƙananan hujojin fitar ruwa da ke ƙasanta, a zura waya a buɗe duk wanda laka ko fila ta toshe.