Yadda masanin kimiyya zai tashi daga lab ya riƙe shugabancin bincike

Da farko dai sai an san ka da wani abu a fanninka, ka gama digirin digirgir, ka wallafa takardu, ka yaye ɗalibai. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Mataki na biyu shi ne kuɗi, kuma nan ne manyan farfesoshi ke tuntuɓe. Tun kana ƙaramin lakcara ka nemi ƙaramin tallafin bincike na IBR da TETFund, asusun gwamnatin Najeriya na tallafa wa manyan makarantu, ke bayarwa ta hannun makarantarku, kafin ka hango babban nasu wato NRF, tallafin bincike na ƙasa. Ba yawan kuɗin ne abin dubawa ba, koyon riƙe su ake nema. Duk abin da ka saya, ko safar hannu ce kwali ɗaya, ka karɓi rasit ka jefa a fayil a ranar, don in lokacin ritayar kuɗin ya zo, wato bayanin yadda ka kashe su, odita ba ruwansa da sakamakon da ka samu a lab, takarda kawai yake tambaya, in babu kuma kaso na gaba ba zai fito ba sai dai ka yi ta zarya ofishin basa, ma'ajin makaranta, kamar mai bin bashi. Ka samu dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ka karanta da kanka, e tana da gundura amma ita za ta hana ka sa hannu inda bai kamata ba.

Sai ka riƙa karɓar ƙananan muƙaman da kowa ke gudu, jami'in jarrabawa, kodinetan ɗaliban masta, sakataren kwamiti mai rubuta abin da aka tattauna a mitin. Nan za ka ga yadda memo ke tafiya daga tebur zuwa tebur da inda yake maƙalewa. Daga nan shugaban sashe, yawanci shekara 2 ne, sai shugaban tsangaya wato din, ko daraktan bincike.

Wallahi ka girmama masu kula da lab da mai sito da mai tada janareta. Ranar da aka ɗauke wuta cikin dare ga samfur na shekara guda a firiza, wanda ke da makullin dizal ne zai cece ka, kuma ba zai taso daga gida don wanda bai taɓa gaishe shi ba.

In ka goge sai ka nemi babbar kujera, irin cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru Zariya wadda tushenta ya faro tun 1922, ko cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta BUK da ta samu tallafin Bankin Duniya. A intabiyu za a tambaye ka kuɗin da ka taɓa jawowa da yadda ka kashe su, ka tafi da hujja a hannu.

Abu na ƙarshe, ka ware rana ɗaya a mako ta lab da ɗalibanka, ka gaya wa sakatarenka kar a sa mitin ranar. Kujerun nan wa'adi gare su, shugaban jami'ar tarayya ma shekara 5 yake yi sau ɗaya ya koma sashensa.