Kakanka ya zauna a gidajen masu gadin teku na Ireland? Fara daga Landan

Jama'a, in tarihin kakanku kuke nema, kada ku kashe kuɗin tafiya ƙauyen da gidan yake. Takardun aikin mutanen nan suna unguwar Kew da ke Landan, a gidan adana tarihi na Birtaniya, cikin rukunin ADM 175.

Dalili kuwa, tun 1822 da aka kafa rundunar har 1922 ma'aikatan gwamnatin Birtaniya ne, kuma daga 1856 aka maida su ƙarƙashin hukumar sojan ruwa. Shi ya sa gobarar Dublin ta 1922, wadda ta cinye yawancin takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851, ba ta taɓa nasu ba, don ba a Dublin aka ajiye su ba.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne wuraren haihuwar 'ya'ya. A wancan zamani ba a barin mai gadi a garinsu, don kada ya haɗa baki da 'yan fasa-ƙwauri, kuma ana yawan yi masa canjin wuri. To, ka buɗe ƙidayar Ireland ta 1901 da ta 1911, kyauta suke a intanet. Ka jera yaran bisa shekaru, ka duba gundumar da aka haifi kowanne. Nan za ka ga sawun uban, gaɓa bayan gaɓa. Da sunan tasha, wato sansanin da ya yi aikin gadi, a hannunka, neman sa a rajistar Kew zai zo da sauƙi, domin tasha-tasha aka rubuta da yawa daga ciki.

Amma fa a kula: idan bayan 1922 danginku suka shiga gidan a kudancin Ireland, dabarar ba za ta yi ba. Lokacin masu gadin sun riga sun tashi, wasu mutane ne daban suka zauna.