Sauka a babban otel mai araha a tsakiyar Damagaram: abin da za ka duba kafin ka biya

Wanda ya taso daga Yamai a motar Rimbo ko STM ya kwashe kusan kilomita 900 a kan hanya, kuma galibi sai dare ya yi yake shigowa Zinder. A gajiye yake, abin da yake so kawai gado. A nan ne ake karɓar mabuɗin ɗakin da aka fara miƙowa, a biya kuɗin kwana uku, sai gari ya waye a ga famfo ba ya kawo ruwa. Gado a irin waɗannan otel kusan duk ɗaya ne. Abin da ke raba ɗaki mai kyau da marar kyau a garin nan shi ne ruwa, da wuta, da inda ɗakin yake a cikin ginin.

Ka kira waya kwana ɗaya ko biyu kafin ka taso, ka faɗi lokacin da motarka za ta iso, ka kuma karɓi sunan wanda ya amsa maka. Manyan otel masu araha suna rayuwa ne da tarukan bita da ma'aikatan da aka turo aiki, ƙungiya ɗaya na iya kama rabin ɗakuna cikin yini guda. Haka lokacin sallah, sa'ad da baƙi ke zuwa kallon hawa a fadar Sarkin Damagaram a Birni. Idan za ka iso bayan isha'i, sake kira da la'asar, don ɗakin da ba a ba da kafin alƙalami a kansa ba ana iya bai wa wanda ya riga ka isowa da kuɗi a hannu.

A wurin karɓar baƙi za a ba ka takarda ka cika: suna, inda ka fito, inda za ka, lambar katin shaida ko fasfo. Wannan ƙa'ida ce, ba tuhuma ba. Ka bari a kwafi lambar ko a ɗauki hoton katin, amma katin ya dawo aljihunka, za ka buƙace shi a shingayen hanya. Ka gaida ma'aikacin yadda ya kamata, ka tambaye shi gajiya da aiki, sannan ka ce, "Malam, don Allah a nuna mini ɗakin tukuna." Ba wanda zai ji haushi. Shi ya san ɗakunan da ke da matsala, kuma gaisuwa ce ke sa ya kai ka wanda ba shi da ita.

Da ka shiga, wuce banɗaki kai tsaye. Zinder a kan dutse take zaune, ruwanta daga rijiyoyin wajen gari ake turo shi, kuma ƙarancinsa tsohon zance ne, ya fi tsanani daga Maris zuwa Mayu. Otel da ya san aikinsa yana da tankin ajiya a ƙasa da wani a saman rufi, da injin da ke tura ruwan sama. Buɗe famfo ka bar shi ya zuba na minti guda, kada ka yarda da ɗigon farko, don wannan ragowar da ke cikin bututu ce. Ja ruwan masai ka saurara ko tankinsa na sake cika. Idan ka ga babban bokiti da moɗa a kusurwa, an gaya maka labarin gidan ke nan ba da baki ba: ruwa na ɗaukewa. Ba dalilin gudu ba ne, amma ka cika bokitin nan take, ka kuma cika shi duk dare kafin ka kwanta. Da safe, sa'ad da ɗakuna hamsin ke wanka da alwala a lokaci guda, bene na sama ne ke fara rasawa, saboda shi ne mafi kusa da tanki kuma ƙarfin ruwan bai kai na ƙasa ba. Ruwan sha kuwa ka sayi na kwalba ko na leda a shagon unguwa, ya fi na otel sauƙi.

Sai wuta. Ɗaki iri biyu ne, mai fanka da mai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba ce. Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin hunturu, biyan kuɗin kilim asara ce. Abin tambaya a lokacin shi ne bargo da ruwan zafi na wanka. A bazara kuwa, da zafi ke wuce digiri 40, fanka iska mai zafi kawai take juyawa. Kunna kilim ɗin ka tsaya minti goma ka ji ko yana sanyaya da gaske. Wanda ke ƙara amma ba sanyi, ko gas ɗinsa ya ƙare ko ƙurar hunturu ta toshe ragar tace iskarsa, kuma ba a daren nan za a gyara shi ba. Ka nemi wani ɗakin.

Tambayar da mutane suka fi mantawa ita ce ta gurup, wato injin ba da wuta. Kada ka tsaya a "kuna da gurup?", amsar kullum e ce. Ka tambaya ko yana ɗaukar kilim ko fitila da fanka kawai, da kuma ko ana barinsa har asuba ko ana kashe shi da tsakar dare don tattalin gazuwal. In ba ya ɗaukar kilim, ka biya kuɗin sanyin da ba lallai ka samu ba a daren da aka ɗauke wuta. 'Yan'uwa masu zuwa daga Kano ko Daura su riƙo abin sauya kan caja: soket ɗin nan mai rami biyu ne zagaye, irin na Faransa, caja mai ƙafa uku ba ta shiga.

A ganinmu ɗakin da ya fi shi ne na bene na farko, ko na ƙasa in ginin hawa biyu ne, mai kallon farfajiyar ciki. Na can sama yana ƙarƙashin rufin kankare da ya sha rana wuni guda, yana sako zafin har tsakar dare, balle in tagarsa na kallon yamma. Mai kallon titi kuma yana shan ƙarar kabu-kabu da adaidaita tun sassafe, musamman ranar Alhamis ta babbar kasuwa. Ka leƙa ka ga inda zauren taro yake da inda aka ajiye gurup, ka nisanci duka biyu. Zauren nan da ake bita da rana shi ake hayar biki da dare.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, duba ragar taga da ƙasan ƙofa. In akwai huji, ka fesa maganin sauro da magariba, ka rufe ɗakin ka fita cin abinci, ka dawo bayan awa guda. Sange na ninkewa ba ya cin wuri a jaka. Ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa, baƙaƙen ɗigo alamar kuɗin cizo ne.

Biya kwana ɗaya tukuna, ka ƙara in ɗakin ya yi maka. In za ka wuce kwana huɗu ko biyar, nemi ragi tun farko, ana yi. Ka riƙe kuɗi a hannu, da ƙananan jikkuna, domin canjin jika goma da dare wahala ne, kuma ba ko'ina ake karɓar biya ta waya ba. Duk abin da ka biya a ba ka rasit, mai hatimi in ma'aikatarka ce za ta mayar maka. Ka tambaya ko karin kumallo na cikin kuɗin. In ba ya ciki, mai shayin bakin ƙofa zai haɗa maka burodi da ƙwai da rabin kuɗin. Kuɗi da kwamfuta kada su zauna a fili in za ka fita, kulle su a jaka da ɗan kwaɗonka.

Yawanci ƙarfe 12 na rana ake barin ɗaki, wanda ya wuce ana iya lissafa masa wani kwanan. Motocin Yamai da Agadas da Diffa kuwa da asuba suke tashi, wasu tun kafin kiran sallah, lokacin da wurin karɓar baƙi ba kowa sai mai gadi. Don haka ka gama lissafinka tun da dare, ka karɓi rasit, ka karɓi lambar ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita da zai zo ɗaukarka. Ka gaya wa mai gadi, "Baba, ƙarfe huɗu zan fita," ka sa masa dala ɗari a hannu, shi zai buɗe maka ƙofa, in ka makara ya ƙwanƙwasa maka.