Yadda za ka zaɓi tsohuwar mota da ba za ta cinye maka aljihu ba

Da farko, zaɓi irin motar da bakaniken garinku ya sani. A hanyoyin burji na wajen Gumel, Ringim ko Bichi, Golf 3 da Toyota Corolla sun fi sauƙin riƙewa, domin kayan gyaransu na nan birjik a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Mota mai yawan na'ura, a ganina, ta 'yan birni ce.

Na biyu, tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. Ku je da sassafe, kafin a ɗumama injin. Ka taɓa shi ka ji da sanyi, sannan a tayar. Tsaya a bayan motar ka kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin injin na shan baƙin mai; fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa, ruwa ne ke shiga, galibi gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da jikinsa, ya ƙone. Zaro sandar awon mai. In ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ka haƙura da ita, komai arha.

Sai gwaji. Kada ka tsaya a kwalta, hau gargada ka saurari ƙafafu, ka sa kowace giya, ka duba ko allurar zafi na hawa.

Leƙa ƙarƙashi saboda tsatsa da yoyo.

Sannan takardu: na kwastan da na mallaka. Ka tabbata lambar shasi da ke jikin motar ta dace da wadda ke rubuce a takardun.

A yi ciniki gaban shaidu, a rubuta. Ka rage wani abu a aljihunka na canjin mai da tayoyi.